Wa Ya Faɗa, Wa Aka Faɗa Wa? Karatun Aya a Mazauninta

Ayoyin da suka fi yawo a tsakaninmu nan Kano ba su da yawa: Irmiya 29:11, Filibiyawa 4:13, Zabura 91, Ayuba 22:28. Su ne a kalandar da ke rataye a shagunan Sabon Gari, su ne a bayan rigunan taron matasa, su ne ake turo wa mutum ta WhatsApp tun bai wanke fuska ba. Son aya da haddace ta ba laifi ba ne. Laifin shi ne a mayar da ita laya, a naɗe a rataya, ba a san abin da ke gabanta ba balle na bayanta. Duk wanda aka ɗora wa nazarin ranar Laraba, ko darasin Makarantar Lahadi, ko gajeren wa'azi a taron Zumuntar Mata, akwai aikin da ya wajaba ya yi a zaune kafin ya miƙe gaban jama'a.

A fara da lambobi. Ba marubutan Littafi Mai Tsarki ne suka sa lambar sura da ta aya ba. Bulus wasiƙa ya rubuta, daga gaisuwa har sallama. Rabon surorin da muke bi yau ana danganta shi ga Stephen Langton, Akbishop na Kantabiri a Ingila, wanda ya rasu a 1228. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i ne, Robert Estienne, ya sa su a bugun da ya fitar a 1551. Sun yi mana rana, domin ba don su ba da fasto ya ce a buɗe wuri kaza sai an yi ta lalube. Amma wani lokaci sukan datse magana a tsakiya. Labarin halitta na Farawa 1 bai ƙare ba sai a 2:3. Waƙar Bawan Ubangiji da muke kira Ishaya 53 daga 52:13 ta soma. Surar ƙauna, 1 Korantiyawa 13, da muke karantawa a ɗaurin aure, tana zaune ne tsakanin sura 12 da 14, inda Bulus ke tsawata wa ikkilisiyar da ke gasa kan baye-bayen Ruhu.

Saboda haka kada a yi bayanin aya sai an karanta aƙalla ayoyi goma kafin ta da goma bayanta. In wasiƙa ce, a karance ta duka a zama ɗaya. Filibiyawa surori 4 ce kawai, ayoyi 104 gaba ɗaya, da murya ma ba ta wuce minti 15 zuwa 20 ba. Wanda ya yi haka zai tarar cewa mai maganar, Bulus, a ɗaure yake, yana gode wa mutanen Filibi kan gudummawar da suka aiko masa. A 4:11-12 ya ce ya koyi wadar zuci, ya san zaman ƙoshi ya san na yunwa, ya san samu ya san rashi. Daga nan ne ya ce yana iya komai ta wurin mai ƙarfafa shi. "Komai" ɗin nan ya haɗa da kwana da yunwa ba tare da bangaskiya ta karye ba. Ɗalibin da bai yi karatu ba ya rubuta ayar a bangon littafinsa ranar jarrabawa, ya kai ta inda ba a aike ta ba. Ɗan kasuwar da jarinsa ya narke, shi ne ayar ke kira da suna.

Tambaya ta gaba, wadda aka fi tsallakewa: wa ke magana? Littafi Mai Tsarki ya adana maganar Allah, ya kuma adana maganar Fir'auna, da ta matar Ayuba, da ta Shaiɗan. Dukansu an rubuta su daidai, amma ba dukansu ne alkawarin Allah ba. Ayuba 22:28, wadda ake ɗaga murya da ita a addu'ar dare cewa abin da ka zartar zai tabbata, daga bakin Elifaz, abokin Ayuba, ta fito. A surar nan dai, aya 5 zuwa 9, Elifaz ya zargi Ayuba da hana mai ƙishi ruwa da korar gwauraye hannu wofi, abin da Ayuba bai yi ba. A 42:7 kuma Ubangiji ya ce wa Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, don ba su faɗi daidai a kansa ba. Haka Ayuba 8:7, mai cewa farkonka ƙarami ne amma ƙarshenka zai bunƙasa, maganar Bildad ce. Ba ina cewa duk abin da abokan Ayuba suka furta ƙarya ba ne. Bulus ma ya ɗauko maganar Elifaz ta 5:13 a 1 Korantiyawa 3:19. Sai dai kafin ka kafa koyarwa a kan maganarsu, nemo inda wani nassi ya tabbatar da ita. In babu, bar ta a bakin mai ita.

Shaiɗan kansa ya iya jawo aya. A Matiyu 4:6 Zabura 91:11-12 ya karanta wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, Yesu ya amsa masa da Maimaitawar Shari'a 6:16, cewa ba a gwada Ubangiji. Mai karanta Zabura 91 kowane dare amma ya ƙi rataya wa yaransa gidan sauro da damina, ya duba da kyau fassarar wa yake bi.

Sai kuma wa aka faɗa wa, a nan ne Irmiya 29 ke da abin koyarwa mai yawa. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yekoniya da fadawa da masu sana'a daga Urushalima zuwa Babila. A sura 28 wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a dawo da komai, har ya karya karkiyar da ke wuyan Irmiya don jama'a su gani. A wata na biyar ya yi maganar, a wata na bakwai ya mutu. Sura 29 wasiƙa ce Irmiya ya aika wa waɗanda aka kwashe, abin da ke cikinta kuwa ba mai daɗin ji ba ne: ku gina gidaje, ku yi lambuna, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, domin zaman zai kai shekara 70. Aya 11, mai cewa Allah yana da shirin alheri dominsu, tana bin aya 10 ne kai tsaye, wadda ta ambaci shekara 70 ɗin. Wanda ya ji wasiƙar yana ɗan shekara 40 ya san ba shi zai koma ba, sai dai jikokinsa. Babila ba ta faɗi ba sai a 539, a hannun Sairus na Farisa. A lura kuma, a Hausa maganar da "ku" take, ba "kai" ko "ke" ba. Jama'a ake wa alkawari, abin da mai karanta Turancin zamani ba ya gani.

To, ayar ba tamu ba ce ke nan? Tamu ce, amma ta ƙofar da ta dace. Tana nuna halin Allah, wanda ba ya watsar da mutanensa ko da horo ya yi tsawo, wannan kuwa Romawa 8:28-39 ta tabbatar mana da shi cikin Almasihu. Abin da ba ta ce ba shi ne biza za ta fito bana, ko aure kafin Disamba. Mai wa'azin da ya yanka wa alkawarin Allah wa'adin da Allah bai yanka ba, aikin Hananiya yake yi, ko da ayar Irmiya ce a bakinsa. Ayar da ta fi shafarmu a surar ma ita ce ta 7, wadda ba a cika bugawa a kalanda ba: a nemi zaman lafiyar birnin, a yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce taku. A nan ma da taka-tsantsan. Mu ba bayin yaƙi ba ne, Kano ba Babila ba ce, Bahaushe Kirista daga ƙauyukan kudancin jihar nan kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar kakanninsa. Amma 1 Timoti 2:1-2 ta ɗora mana nauyi iri ɗaya, na yi wa sarakuna da masu mulki addu'a. In Kantin Kwari ta yi gobara, ba a tambayar addinin wanda cinikinsa zai tsaya.

Bayan haka a tantance irin rubutun. Bahaushe bai kamata ya sha wahala da littafin Karin Magana ba, tunda da irinsa ya tashi. Mukan ce mahaƙurci mawadaci, mukan kuma ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ba wanda ya taɓa cewa ɗaya ta ƙaryata ɗaya, kowace da lokacinta. Karin Magana 26:4 ta hana amsa wa wawa bisa wautarsa, aya 5 ta ce a amsa masa. An jera su da gangan. Don haka 22:6, kan tarbiyyar yaro, tana faɗin yadda al'amura suka saba tafiya ne. Ba sanda ba ce da za a doki uwar da ta yi iyakar ƙoƙarinta ɗanta ya kauce.

Labari kuma yana faɗin abin da ya faru, ba lalle abin da za a yi ba. Yefta ya yi wa'adi na garaje a Mahukunta 11, ba a ce a yi koyi da shi ba. An kai ƙyallayen da suka taɓa jikin Bulus wurin marasa lafiya a Afisa, Ayyukan Manzanni 19:11-12, Luka da kansa ya ce mu'ujizai ne da ba a saba gani ba, ba kuɗi a ciki. Bulus ɗin nan ne ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, 2 Timoti 4:20. Mai sayar da hankici ko ruwan gora da sunan sura 19 ya fara karanta abin da Bitrus ya faɗa wa Saminu, mai son sayen baiwar Allah da kuɗi, a 8:20. Gwajin mai sauƙi ne: abin da labari ya nuna, an umarce shi a koyarwar Yesu ko wasiƙun manzanni? In ba a umarta ba, ba za a ɗora wa ikkilisiya shi ba.

Wahayin Yahaya ba zan daɗe a kai ba. An aika shi ga ikkilisiyoyi bakwai da ke yammacin Turkiyya ta yau, cike yake da alamu daga Daniyel da Ezekiyel da Fitowa. Duk sabuwar lamba ko allurar rigakafi da ta fito sai an sami mai cewa ita ce 666. Amma a sura 13 alamar tana tafe da yi wa dabbar sujada, ba abin da mutum zai karɓa a layin banki bai sani ba. Masu sa ranar dawowar Almasihu kuwa an sha ganinsu. Harold Camping a Amurka ya sa 21 ga Mayu 2011, rana ta fito ta faɗi. Matiyu 24:36 ta riga ta rufe zancen.

Aiki mafi wuya shi ne ƙetarowa daga zamaninsu zuwa namu. Hanyar ita ce a raba dalilin umarni da siffar da ya ɗauka a wancan wuri. Ɗauki Maimaitawar Shari'a 22. Aya 5, kan tufafin maza da mata, an sha kafa hujja da ita a kan mata masu sa wando. Aya 8 ta ce wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufin katanga kada wani ya faɗo. Aya 11 ta hana haɗa ulu da lilin a tufa ɗaya. Wanda ya riƙe aya 5 da ƙarfi ya tsallake 8 da 11, sai ya faɗa mana ma'aunin da ya yi zaɓen da shi. Aya 8 mutumin cikin birni zai gane ta nan take, don soron ƙasa ma da rawaninsa ake gina shi, can kuwa a kan rufin ake shan iska da shanya. Dalilin shi ne kada sakacinka ya ci ran wani. Yau wannan ya hau kan rijiyar da ba murfi a gidan haya, da wayar lantarki a tsirara, da janareta a lungun da hayaƙinsa ke shiga ɗakin kwana. Aya 5 ma tana da dalili mai ɗorewa, kada a rikita bambancin namiji da mace da gangan. Amma a lokacin maza da mata duk riguna masu tsawo suke sawa, ba wando ne ya raba su ba. Abin da ake ɗauka kayan mata ko na maza, da abin da ake gani kamun kai, wurin zama ne ke faɗa, a Kano kuwa kowa ya san shigar da za ta jawo wa sunan Almasihu magana. Dokokin Musa kuma ta cikin Almasihu muke karanta su, Ayyukan Manzanni 15 ta nuna ba a ɗora wa al'ummai su duka ba.

Ga misali da ke zuwa mana har ƙofar gida kowace shekara. Washegarin Babbar Sallah yaron maƙwabci ya yi sallama da kwano a rufe, soyayyen naman layya ne, wani lokaci ɗanye a leda. A ci ko kada a ci? Nan da nan akan buɗe 1 Korantiyawa 8 zuwa 10. Da kyau, amma a fara da abin da ya bambanta. A Koranti gidajen gumaka ne, ana yanka a gabansu, a ci wani a can, a kai saura kasuwa. Maƙwabcinka Musulmi ba gunki ya yanka wa ba, tunawa yake da biyayyar Ibrahim. Kiran kyautarsa naman gumaka kuskure ne a fassara, cin fuska ne kuma a zaman tare. A tuna kuma tsire da kilishi da naman miyar da muke saya kullum, akasari mahauta Musulmi ne suka yanka da bisimilla.

Masu ƙin ci ma suna da hujja, kada a raina ta. Suna cewa layya ibada ce, Ibraniyawa 10 kuwa ta ce hadayar Almasihu sau ɗaya ce ta isa har abada. Abin da Bulus ya shimfiɗa kashi-kashi ne. Cin abinci a cikin bikin bautar kansa, ya hana, 10:14-22. Naman kasuwa, a ci ba tambaya, aya 25. Gayyatar wanda ba mai bi ba, a ci abin da aka kawo, aya 27. Amma in wani ya ja hankalinka cewa na hadaya ne, a bari saboda lamirinsa, aya 28-29, haka nan in cin zai sa ɗan'uwa mai rauni tuntuɓe, 8:9-13. A ganina karɓar kwanon nan karɓar zumunci ne, ba shiga ibada ba. A yi godiya, a ci, a kuma rama da shinkafa da kaji ranar Kirsimeti. Amma in akwai sabon tuba a gidan da abin zai dagula masa zuciya, a ɗaga masa ƙafa. Wanda lamirinsa bai ba shi ba kada ya ci, Romawa 14:23, sai dai kada ya mayar da kwanon da nama a ciki, kada kuma ya zubar. Ya karɓa da fara'a ya ba wani. Romawa 14:3 ta hana mai ci raina mara ci, ta hana mara ci hukunta mai ci, wannan kuwa ya haɗa da dattijon da ke son mayar da ra'ayinsa dokar ikkilisiya.

Akwai wani dalili da ya sa wannan horo ya zama dole a garin nan. Muna zaune da mutanen da suka saba da tafsiri, suka san a tambayi dalilin saukar aya. A teburin mai shayi ko a Facebook za a kawo maka Matiyu 15:24, inda Yesu ya ce ga ɓatattun tumakin Isra'ila aka aiko shi. Wanda ya san aya ɗai-ɗai sai ya yi tsuru-tsuru ko ya fusata. Wanda ya san labarin zai ce a ci gaba zuwa aya 28, inda ya yabi bangaskiyar matar Bakan'aniya ya warkar da 'yarta, sannan a je 28:19 na littafin nan dai. Da tawali'u da girmamawa, yadda 1 Bitrus 3:15-16 ta ce. Adalcin da muke nema a yi wa littafinmu, mu ma kada mu tsinko layi ɗaya daga littafin wani mu yi ta yawo da shi.

Game da kayan aiki, fassara biyu sun fi ɗaya. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, sabuwar fassara ta biyo baya wajen 1979, yanzu kuma ga Sabon Rai Don Kowa a wayoyi. Sunayen littattafai sun bambanta, Matta da Matiyu, Yohanna da Yahaya, Misalai da Karin Magana, Kubawar Shari'a da Maimaitawar Shari'a, don haka mai jagora ya faɗi duka biyun kada Baba da Mama masu tsohon bugu su ɓata. Inda fassarorin suka rabu sosai, alama ce wurin na bukatar natsuwa, kada a gina koyarwa sukutum a kansa. Littafin sharhi da wa'azin YouTube su zo daga ƙarshe, bayan ka yi naka karatun, in ba haka ba da idon wani za ka ga nassin. Wanda ke son sanin littafin gaba ɗaya, surori 1,189 ne a littattafai 66: uku kowace rana, biyar ranar Lahadi, shekara ta ishe shi.

Nazari na awa ɗaya ana iya raba shi haka. Minti 5 addu'a. Minti 10 a karanta sashen sau biyu da murya, a fassara biyu, mutum biyu dabam. Minti 20 kan abin da ke rubuce kawai: wa ke magana, da wa, me ya faru kafin nan, wace kalma ke maimaituwa, ina aka ce "saboda haka" ko "amma". Minti 10 a haɗu a faɗi manufar marubucin cikin jimla ɗaya da ba ta wuce kalma 20 ba. In jimlar ta ƙi fitowa, ba a gane sashen ba tukuna, a koma. Minti 10 kan abin da za a yi a wannan mako, a gida ko a shago, sai minti 5 na addu'ar rufewa. Abin da ke lalata tsarin kusan kullum ɗaya ne: jagora ya buɗe da "me ayar nan ke faɗa maka?" tun ba a duba abin da ta faɗa wa masu ita ba, sai kowa ya kawo abin da ya zo da shi daga gida, mai baki ya cinye lokaci. In wani ya kawo fassarar da ta kauce, kada a kunyata shi, a ce, "Ɗan'uwa, nuna mana a wace aya ka gani." In tambaya ta fi ƙarfin jagora, ya rubuta ta, ya kai wa fasto, ya dawo da amsa Laraba mai zuwa.